Gashin Shaho a Bayan Koren Kimono

Kinue ta kwance igiyar takardar da aka naɗe kimonon, doguwar rigar nan ta matan Japan, ta ɗaga shi ta kafaɗu za ta kakkaɓe, sai hannunta ya tsaya cak. A bayan wuya, daidai inda tambarin malam-buɗe-littafi ya saba zama, gashin shaho ne guda biyu a gicciye, farare fes a cikin da'ira.

Ta ajiye. Ta sake ɗagawa, ko idonta ne ke mata gizo. Tabaraunta na cikin jaka, amma ba ta bukatarsa kafin ta gane tambarin gidan Onuki, gidan mijin 'yarta Chizuru. Tun jiya da ta sauka daga jirgin ƙasa take cin karo da shi: a fitilar bakin ƙofa, a ƙyallen da aka rufe kayan shayi, har a murafen ƙoƙunan miya. Mutanen gidan nan da za su samu hali, da kyanwarsu ma sun buga mata shi a goshi.

Koren kimonon na uwarta ne, Masae. Marinin da ya rina shi a garinsu Sakai sai da ya tsoma silikin a shuni sau uku, sannan ya bi shi da ruwan ciyawar dutse mai ba da rawaya, har ya fito da launin sabon tofon ganye. Yau ko ka zaga Sakai kaf ba ka samun mai irin wannan rini. Amma ba launin ne ya tayar wa Kinue da hankali ba. A wajen su Kinue, can yammacin Japan, mace tana da tambarinta wanda ba na ubanta ba, ba kuma na mijinta ba. Uwa ke ba 'ya, 'ya ta ba tata 'yar, kuma duk abin da ke ɗauke da shi nata ne ko sama da ƙasa za su haɗe. Ranar da Masae ta gaji da dukan miji ta fita, da Kinue goye a bayanta, dangin mijin suka tare ƙofa. Suka ƙwace madubi, suka ƙwace katifa, har tukunyar shinkafa ba su bari ba. Da suka zo kan kimonon, uwar mijin ta juya bayansa ta ga malam-buɗe-littafi, ta janye hannunta. Da shi kaɗai Masae ta bar gidan.

Shekara arba'in Kinue tana ɗinkin kimono, ta san yadda ake sauya tambari. Magani ake ɗiga wa wurin ya cinye tsohon, a zana sabo, kuma abin da magani ya cinye ba ya dawowa. Ga shi sai yau ta gani, ranar da za a kai jikarta Suzune wurin bauta karo na farko. Yarinya mace, 'yar wata ɗaya, wadda tambarin nan ke jira.

Ta ninke kimonon a hannu ta sauka ƙasa. Matakalar gidan ta ji a jikinta.

Teruyo, uwar mijin Chizuru, tana kicin tana zuba shinkafa da jan wake a akwatunan biki. Ta riga ta yi kwalliya, gashinta ko sili ɗaya bai kauce ba. Ta juyo da murmushi ta rusuna.

"Maman Chizuru, an tashi lafiya? Bargon ya ishe ki kuwa? Garin nan namu Mito akwai sanyin asuba."

"Ya ishe ni, Maman Naoto, na gode. Ai gidanku ba a rasa komai. Har abin da mutum bai roƙa ba yi masa ake yi."

Teruyo ta ɗan karkata kai. "Ban gane ba."

Kinue ta shimfiɗa bayan kimonon a kan teburi, tsakanin akwatunan shinkafa. "Na zo godiya ne. Aikin ya yi kyau. Wane shago kika kai? In je in yi musu sannu da aiki."

"Wane aiki?"

"Haba, Maman Naoto. Mu duka mun yi furfura, kada mu yi wasan yara." Muryarta ta fara tashi, ta danne, ta ƙi dannuwa. "'Yata na ba ku, ban ce a'a ba. Sunanta kun sauya, ban ce uffan ba. In ta mutu a kabarinku za a sa ta, shi ma na haɗiye. Wuri ɗaya ya rage mata, bai fi maɓallin riga ba, a bayan wuya inda ita kanta ba ta gani. Shi ma ya tsole muku ido?"

Teruyo ta ajiye cokalin a hankali ta goge hannunta. Irin matan nan ne da fushi ke ƙara wa ladabi.

"Ki yi haƙuri, amma ni ban taɓa sa hannu a akwatin surukata ba. A gidan da na tashi ba a haka."

"To shi ya tashi da ƙafarsa ya je?"

"Shekara biyar ke nan ina ganinsa a haka. Bikin 'yar ƙanena, tunawa da marigayi maigida, gaisuwar sabuwar shekara, duk da shi take zuwa. Na ɗauka ke kika karɓa kika gyara, tunda sana'arki ce. Har na ce wa Naoto, uwar matarka mace ce mai hankali, ta san inda 'yarta take zaune." Ta gyara murfin akwati ɗaya. "Mu a nan gabas, mace in ta shigo gida, tambarin gidan take sawa. Na san ku can kuna da naku tsarin. Ban taɓa kushe shi a gabanta ba."

"A gabanta," in ji Kinue.

Teruyo ta ce, "Ƙarfe goma mota za ta zo. In akwai wata magana, ina ganin sama za a yi ta."

Kinue ta tattara kimonon. Kunya ta kama ta, kunyar kuma ta koma fushi nan take, don babu abin da ya fi ciwo irin ka wasa wuƙa ka zo ka tarar ba mai laifin ba ce. Ta rusuna rabi da rabi ta fita.

Chizuru tana ɗakin sama a kan tabarma, ta gama shayar da jaririyar ta kwantar da ita. Rigunan ciki kawai ta sa. Da ta ga abin da ke hannun Kinue da yanayin fuskarta, ta gane. Kinue ta tsaya a kanta.

"Ke ce?"

"Inna, ki rage murya, yanzu ta yi barci."

"Na ce ke ce?"

"Ni ce."

Kinue ta zauna a tabarma. "Shekara biyar. Ina kiranki kowace Lahadi. Kina gaya mini farashin kabeji, kina gaya mini ciwon bayan mijinki. Wannan kuwa bakinki bai iya ɗauka ba?"

"Da na faɗa me za ki yi? Abin da kike yi yanzu."

"Kin san abin da kakarki ta…"

"Na sani! Madubi, katifa, tukunya. Tun ina 'yar shekara huɗu nake jin tukunyar nan, Inna, har mafarkinta na yi." Chizuru ta waiga wajen jaririyar ta sassauta murya, amma kaifin na nan. "Kin ba ni kimonon kin sa ni a jirgi kin koma gida. Ke ba ki nan ranar da na fara sa shi a gidan nan. Mutum talatin a zaune. Gwaggo Tomie, gwaggon Naoto, ta zagayo bayana, ta kama wuyan kamar mai taya akuya, ta ce, 'Wannan fa na wane gida ne?' Na ce na mahaifiyata ne. Ta ce, 'Au, irin na masu zama da ƙafa ɗaya a waje.' Kowa ya yi dariya. Naoto ma ya yi, don bai san me zai yi ba."

"Sai ki ce mata e! Ƙafa ɗaya a waje, shi ne amfaninsa!"

"Ni ba na son fita! Kin taɓa tambayata? Mijina bai taɓa ɗaga mini hannu ba. Ke da Kaka kun ba ni rigar gudu, ni kuma zama na zo yi."

Maganar ta shiga Kinue har ƙashi. Ita ma tata ƙafar a waje ta yi zaman aure, har mijin ya mutu bai san dalilin da ya sa matarsa ba ta taɓa sakin jiki da shi ba. Amma wannan ba ranar tuna shi ba ce, kuma Kinue ba ta cikin masu karɓar gaskiya daga bakin 'ya'yansu da zafinta.

"To madalla. Zauna." Ta jawo jakarta ta zazzage a tabarma. Gwangwanin allurai ya fito, da zare, da tabarau, da ɗan almakashinta. "Ki sa kimonon haya, irin mai walƙiya da 'yan gabas ke so. Wannan da shi zan koma Sakai. Amma ba zan shigar da gashin shahon wasu ɗakin uwata ba. A nan zan yanke shi in bar muku abinku."

"Inna, kada ki…"

"Matsa!"

Ta maƙala tabarau, ta ɗora bayan kimonon a gwiwa, ta sa babban yatsa a kan tambarin don ta ja silikin ya miƙe. Sai yatsan ya ji tudu.

Ɗan tudu ne, bai kai kaurin farce ba. Amma tambarin rini ba ya da tudu, da shi da yadi abu ɗaya ne. Mace mai shekara arba'in a kan allura ta ɗauki kimono ta sauka da shi, ta ci mutuncin surukarta, ta hau da shi, duk ba ta shafa wurin ba. Fushi ya iya mai da gwani ɗan koyo.

Ta karkata shi wajen taga. Faci ne. Wani ɗan da'irar siliki kore, an zana gashin shaho a kai, an bi gefensa da ɗinki. Ta sa bakin almakashi ta tsinke zare ɗaya, ta ja, ta tsinke na biyu. Facin ya ɗago. Malam-buɗe-littafi na nan a ƙasa da fikafikansa a buɗe, fari kamar ranar da Masae ta karɓo shi.



"Mai shagon ya ce a sa magani," in ji Chizuru, idonta a ƙasa. "Ya ce minti ashirin ne. Na riga na miƙa masa, na karɓe. Na farke ɗinkin ciki na yanko ɗan ƙyalle daga ninkin ƙugu, inda ba a gani, na ce ya zana a kan wannan."

"Kin yanki silikin kakarki."

"Kamar farce ne."

Idon Kinue ya kai kan wani abu. Kewaye da malam-buɗe-littafin akwai hudoji, ƙanana, ba layi ɗaya ba. Layi a kan layi, wani ya ɗan shiga ciki, wani ya ɗan fita, har silikin wurin ya yi laushi ya fara nuna haske.

"Wannan fa? Sau nawa kika ɗinka shi?"

"Duk ranar da zan sa."

"Me ya hana ki bar shi a kai?"

"In na dawo sai in cire." Muryar Chizuru ta karye, ta yi fushi da karyewar. "Ba na iya mayar da shi akwati a haka. Na gwada sau ɗaya, na kasa cin abinci. Shekaranjiya na ɗinka na yau, na yi niyyar in shirya kafin ki tashi, ke kuma kin riga ni buɗewa."

"Sau nawa, na ce."

"Goma sha ɗaya."

Kuka ya taso wa Kinue. Sai ta mayar da shi faɗa, abin da ta fi iyawa.

"Da wace allura? Kawo in gani. Wannan? Wannan ai ta ɗinkin buhu ce! Allurar auduga a silikin shekara saba'in? Ni na koya miki haka? Ki ce wa mutane 'yar wa ce ke? Dubi nan. Dubi! Saura ɗinki biyu ko uku wurin nan ya zube gaba ɗaya, ki wayi gari da rami a bayan wuya, babu shaho babu malam-buɗe-littafi. Abin da dangin miji ba su iya yi wa kakarki ba, ke kin kusa yi da hannunki, kina kuka kina yi!"

"To ya zan yi, Inna? Gaya mini, tunda kin san komai."

"Ki sa shi a haka. Yau. Ki fita da shi yadda yake." Kinue ta nuna jaririyar da almakashi. "Mace kika haifa. Yau za a nuna ta. Bari su ga abin da ke jiranta."

Daga ƙasa muryar Teruyo ta taso, a tausashe, tana cewa tara da rabi ta yi, kuma Gwaggo Tomie ta iso.

Chizuru ta dubi uwarta ido cikin ido. "Ke jirgin ƙarfe huɗu za ki hau. Ni a nan zan kwana, a nan zan tashi, a nan yarinyar nan za ta girma. In kin ce in fita da shi a haka, zan fita. Ban taɓa ƙin maganarki ba. Amma ki faɗa kina sane."

Ta juya baya ta durƙusa, ta ɗaga gashinta daga wuya, tana jiran a yafa mata.

Kinue ta dubi bayan wuyan nan. Ya rame tun haihuwa. Ta dubi malam-buɗe-littafin, ta dubi ɗan facin da ke tafin hannunta. Ta tsani facin, ta tsani gidan, ta tsani Gwaggo Tomie da ba ta taɓa yi wa magana ba, kuma a wannan minti ta ji haushin Masae ma, da ta bar musu abu mai nauyi haka a wuri ɗan ƙarami.

Ta buɗe gwangwani ta zaro allurarta mafi siranta, wadda take ajiye wa silikin amare. Ba ta ɗauki zaren shago ba. Ta juya cikin kimonon, ta zaro sili ɗaya daga gefen ninkin da Chizuru ta yanka, kore irin na jikinsa, ta lasa ta zura.

"Ba sabon huji ko ɗaya," ta ce, ba tare da ta ɗago ba. "A tsofaffin zan bi. Ki buɗe idonki ki gani, don ba zan maimaita ba."

Ta ɗora gashin shaho a kan tambarin uwarta ta fara. Hannunta bai yi rawa ba, abin da ya ƙara ba ta haushi ke nan. Allura na shiga tsohon huji tana fita ta wani, zaren na nutsewa cikin yadi yana ɓacewa. Da ta zagayo ba ta ƙulla ba. Ta tura bakin zaren ƙarƙashin wuya ta ɓoye.

"Ga bakinsa nan. Ja ɗaya, ya fita duka, ba almakashi. In za a sake sawa, ki sa a akwatin gidan waya ki aiko mini. Kika ƙara kusantar silikin nan da allurar buhunki, sai na karya miki yatsa."

"Inna…"

"Tashi tsaye. Miƙe hannu."

Ta shirya ta cikin minti goma sha biyar. Ta ja ɗamarar da ƙarfin da sai da Chizuru ta yi ƙara, ba ta kuma ba ta haƙuri ba.

A wurin bauta Teruyo ce ta rungumi jaririyar, kamar yadda aka saba uwar uba ke yi, an lulluɓe su da jan mayafi. Naoto na gefenta, Chizuru na biye. Kinue tana can baya da jakar kwalabe da ƙyallaye, kuma duk tsawon hanyar tsakuwar nan babu abin da ke gabanta sai bayan wuyan 'yarta. Bishiyoyin wurin sun yi sabon ganye, kusan launi ɗaya da kimonon. Mutane na waigowa suna kallonsa.

Ana jeren hoto wata tsohuwa 'yar gajera mai sanda ta zagayo bayan Chizuru. Ba sai an gaya wa Kinue ko wace ce ba. Gwaggo Tomie ta ɗaga tabaraunta, ta kai hancinta dab da tambarin, ta shafa shi da yatsa, ta sake shafawa.

"Kai, yau ya zauna," ta ce da ƙarfi, don kowa ya ji. "Da can ina ganin kamar ya ɗan karkace. Yau kam sai ka rantse da shi aka rina. Ashe yarinyar nan ta zama tamu har ƙashi." Ta juyo ta ga Kinue. "Ke ce uwar? An ce ɗinki kike yi. Zo ki ga aikin gabas, ki ba da labari in kin koma."

Chizuru ba ta waigo ba, amma Kinue ta ga wuyanta ya yi ja.

Kinue ta matso. Ta dubi gashin shahon, ta nemi ɗinkin da idon shekara arba'in, ita kanta ba ta gan shi ba. Ta haɗa hannu a gaba ta rusuna wa tsohuwar, rusunawa mai zurfi, ta daɗe a ƙasa har sai da ta tabbata fuskarta ta koma daidai.

"Na gani, Gwaggo," ta ce. "Wadda ta yi shi ta iya."